Yadda ake waldar alminiyam ta kama da gaske

Duk wanda ya saba da waldar baƙin ƙarfe, su geti da bugulari da ƙafar tankin ruwa, ranar da ya fara ɗora wuta akan alminiyam sai yaji kamar bai taɓa walda ba a rayuwarsa. Ƙarfen baya yin ja balle ya baka alama, kana ta jira kana ƙara wuta, kawai sai kaga wajen ya rufta ya bar maka rami, ko kuma rodin ciko ya narke ya dunƙule a sama yaƙi shiga. Daga nan ne wasu ke cewa ai alminiyam baya waldu, wasu kuma su manna abu a sama su goge da giranda su karɓi kuɗi, bayan sati mai kaya ya dawo yana faɗa. Toh yana waldu sarai, kuma waldarsa tana da kyau in an bi hanyarta, sai dai mafi yawan aikin ana gama shi ne tun kafin a kunna inji.

Bari mu fara da abinda ke hana shi kamawa, dan in ka gane wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. Shi alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, ƙasa sosai da baƙin ƙarfe da sai ya kai kusan 1500. Amma da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi, ido baya ganinta, ita ce tsatsarsa, kuma ita wannan fatar sai wuta ta haura digiri 2000 take narkewa. Kaga kenan na ciki ya riga ya zama ruwa, fatar na nan a sama ta riƙe shi kamar yanar da ke kwantawa a saman koko in ya fara hucewa, kai kana ganin bai narke ba alhali ya daɗe da narkewa. Abu na biyu shine yana jan zafi ya watsa shi cikin jikinsa da sauri, ya ninka baƙin ƙarfe wajen sau huɗu, shi yasa a farko yake neman wuta mai yawa, in kuma jikin ya cika da zafi sai wutar da ka fara da ita ta yi masa yawa. Sai na uku, in yana ruwa yana shan iskar haidirojin, wadda ke fitowa daga danshi da mai da giris da fenti, in yazo daskarewa sai ya tofo ta waje ta bar ƙananan huji a cikin waldar. Wannan hujin shine kake gani in ka goge waje kaga ya yi ɗigo-ɗigo, kuma ta nan mai ko ruwa ke zuba daga baya.

Kafin komai ka tabbatar me aka kawo maka

Ba duk farin ƙarfe mara nauyi bane alminiyam. A nan Jos, bakanikai daga Farin Gada ko masu kayan gyara na Dilimi zasu kawo maka murfin inji ko gidan giya ko kabureta suce alminiyam ne, su ma haka suka ɗauka. Wani maganiziyam ne, wani kuma zubin zinki ne. Gwajin baya da wuya, ka kankare waje kaɗan da magagari ka ɗiga ruwan binega, in ya fara kumfa toh maganiziyam ne, alminiyam baya kumfa. Kar ka saka masa rodin alminiyam, bazai riƙe ba zai tsage, kuma garin maganiziyam in ya kama wuta ruwa baya kashe shi, ƙara tayar da shi ma yake, yashi busasshe ake zuba masa. Shi kuma zubin zinki zakaji ya fi nauyi a hannu nesa ba kusa ba, irin hannun ƙofar mota da jikin wasu kabureta, yana narkewa tun kafin digiri 400, kana kai masa toci zai zube yana farin hayaƙi mai sa zazzaɓi.

Ko a cikin alminiyam ɗin ma iri-iri ne, lamba ake basu. Na taga da ƙofar gilas da ake saidawa a kasuwa yawanci 6063 ne, mai kauri na ƙira da faif-faif masu ɗaukar nauyi 6061, faranti na tanki da jikin mota 5052 ko 3003, duk waɗannan suna waldu lafiya. Amma akwai 2024 da 7075 da ake kayan jirgin sama da wasu kayan keke da mashin masu tsada da su, waɗannan ko ka yi walda ta yi kyau a ido tsagewa suke daga ciki, gara a sake sabo. Sai tukwanen da masu zubi ke yi da gwangwanin lemo da tsohon fistin da duk abinda 'yan gwangwan suka kawo, su kam ba wanda ya san haɗinsu, cike suke da iska da datti, za a iya toshe huji amma kar ka yi wa mai ita alƙawarin kyau.

Wanki

Nan ne nake so a tsaya a daɗe, dan gaskiya rabin waldar da nake ganin ta lalace a garin nan ba laifin inji bane, ƙazanta ce. Tsarin shine a fara cire mai sannan a cire fatar, ba a juya ba, in ka fara da buroshi akan mai toh ka tura man cikin ƙarfen ne kawai. Ka samu asiton da tsumma mai tsabta wanda ba a taɓa goge inji da shi ba ka goge gaba da baya, har rodin cikon ma ka goge shi, zaka sha mamakin baƙin da zai fito. Kar ka wanke da fetur ko kananzir ko dizil, suna barin maiƙo. Sannan dan Allah a kiyayi maganin wankin birki na gwangwani mai sinadarin kulorin, in hasken walda ya taɓa ragowarsa yana zama wata guba da ake ce mata fosjin, kaɗan ɗinta na lalata huhu, ba abin wasa bane.

Bayan asiton ya bushe sai buroshin waya na silba, wato sitenles, wanda ka ware shi dan alminiyam kawai, ka rubuta a jikinsa ka rataye shi daban dan kar yaran shago su ɗauka su goge tsatsar geti da shi. Da hannu ake gogawa, ta gefe ɗaya, ba da ƙarfi sosai ba, har kaga wajen ya daina sheƙi ya yi fari-fari. In ka gama kar ka ajiye sai gobe, fatar tana fara dawowa nan take, gogar safe ta aikin safe ce. Faifan giranda na baƙin ƙarfe shima kar ya je wajen, yana cushewa da alminiyam ya shafe datti a ciki ya bar yashinsa, in zaka buɗe baki ko ka bi tsaga gara ɗan haƙorin kabaid da ake ɗaurawa a ƙaramin injin huda, ko magagari mai manyan haƙora.

Kayan zubi da suka sha baƙin mai shekara da shekaru, irin su botom filet da gidan giya da murfin injin Keke Napep, su nasu wankin daban ne dan man ya shige cikin ƙofofin ƙarfen. Sai ka ɗumama wajen da wutar gas a hankali, zakaga mai na tsattsafowa kamar gumi yana hayaƙi, ka bari ya ɗan huce ka goge da asiton, ka sake ɗumamawa, haka haka har ya daina fitowa. Yana cin lokaci, mai kaya zai tsaya a kanka yana cewa oga dan Allah sauri nake mota na kan jak, ka bashi kujera ka masa bayani, dan in ka tsallake wannan waldar tafasa zata dinga yi tana tofo baƙi.

Waldar agon

Wadda ake kira TIG, mu nan waldar agon muke ce mata dan gas ɗin agon ne ke kare wajen waldar daga iska, ita ce uwa a wannan aikin. Amma a kula wajen sayen inji, da yawa daga ƙananan inbata da ake saidawa an rubuta TIG a jiki DC ne kawai, suna yin sitenles da baƙin ƙarfe amma basa alminiyam. Wanda kake nema sai an rubuta AC/DC. Dalili kuwa wutar AC tana kai da komowa ne, rabi ɗaya yana fasa fatar nan ya share ta, ɗaya rabin yana narka ƙarfen ya shiga ciki. A jikin injin akwai maɓallin balans da ke raba su, ka fara da sharewa kamar kashi 30 zuwa 35 cikin 100, in kaga ruwan waldar na da baƙin ɗigo yana yawo a sama ka ƙara, in kuma bakin tongistin, wato siririyar sandar cikin toci da wuta ke fita ta bakinta, na narkewa yana zama ƙaton ƙwallo ka rage. In injin na da wajen saita firikwansi ka sa shi tsakanin 80 zuwa 120, wutar zata tsuke ta tafi inda ka nuna mata.

Gas kuma agon zalla, ba haɗin da ake waldar baƙin ƙarfe da shi mai kabon ba, ka saita ragileta lita 7 zuwa 10 a minti da kofin bakin toci lamba 6 ko 7. Buɗe gas da yawa baya ƙara kariya, juya iska yake ya jawo ta waje ciki, ga asarar kuɗi, kuma kowa ya san abinda cika silinda ke ci yanzu. Tongistin mai mili 2.4 ya ishi yawancin aiki. Tsohon inji mai taransifoma yana son mai koren kai, wanda bakinsa ke dunƙulewa, inbata kuma ta fi son mai shuɗin kai ko mai ruwan gwal ko mai toka, a fiƙe shi a ɗan dakushe tsinin. Mai jan kai a bar wa sitenles.

Lissafin wuta mai sauƙin riƙewa shine wajen amfiya 40 ga kowane mili ɗaya na kauri, kenan faranti mai mili 3 zai nemi 120 zuwa 130, in kusurwa ce ta ciki ka ƙara dan zafin na gudu ta hanya uku. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shine tsoron wuta, sai ya rage ta ya tsaya waje ɗaya yana jira, kafin ruwa ya fito duk kayan sun ɗau zafi sai komai ya zube lokaci ɗaya. Alminiyam da zafi ake shigarsa a wuce da sauri. In ka kunna ka ƙirga ɗaya biyu uku baka ga wani ɗan waje ya yi ruwa yana ƙyalli ba, wutarka ta yi kaɗan. In ya fito sai ka karkata tocin kaɗan, digiri 10 zuwa 15, kana tura shi gaba ba janyowa ba, tsakanin tongistin da ƙarfe kamar mili 2 zuwa 3, ka dangwala rodi a gaban ruwan ka janye kaɗan ka matsa, ka dangwala ka matsa. Ruwan ne ke narka rodin ba wutar ba, in ka kai shi ƙarƙashin wuta dunƙulewa zai yi ya ɗiga. Kuma in ka janye kar ka fitar da bakinsa daga cikin gas. Da tongistin ya taɓa ruwan ko rodin, tsaya, cire shi ka gyara bakin, ci gaba da shi a haka baƙin hayaƙi kawai zai dinga shafa maka.

Yayin da kake tafiya zakaga ruwan na ƙara faɗi dan ƙarfen ya ɗau zafi, mai fedal na ƙafa sai ya sassauta, wanda bashi da shi sai ya ƙara sauri ko ya tsaya ya bari ya sha iska. A ƙarshen layi kar ka ɗauke wuta farat ɗaya, yana barin ɗan rami mai tsaga a tsakiya kuma daga nan tsagar ke bin waldar gaba ɗaya, ka rage wutar a hankali kana ƙara rodi sau biyu ko uku har ramin ya cika, sannan ka bar tocin a wajen gas na zuba na daƙiƙa 8 zuwa 10. Ko ɗigon riƙe kaya zaka yi ka sa rodi, 6061 da 6063 in aka narka su kawai ba ciko tsagewa suke tun a gabanka. Ɗigon ma ka yawaita shi ka ɗaure kaya da kyau, dan alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, yana murɗewa.

Rodin ciko guda biyu ne zaka fi haɗuwa da su. 4043 mai silikon kashi 5, yana gudu da kyau baya saurin tsagewa, shine na kayan zubi da kan inji da duk abinda ke zama cikin zafi. 5356 mai maganiziyam kashi 5, ya fi ƙarfi da tauri, shine na faranti irin 5052 da tanki da abin ɗaukar kaya, amma ba a sa shi a wajen da zai dawwama cikin zafin da ya wuce digiri 65, dan haka kar ya je jikin inji. Lambar na buge a jikin kowane rodi wajen ƙarshe, ka duba kafin ka biya.

Yanayin Jos shima sai an yi lissafi da shi. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, da sassafe ƙarfe na yin sanyi ƙarara, ka ɗan bi shi da wuta ya ɗumama kafin ka fara. Mai kauri daga mili 6 zuwa sama ma yana son ɗumi dama, amma kaɗan, daidai inda in ka ɗiga ruwa zai yi cuu ya ƙafe, kar a wuce digiri 150. Iskar hunturun kuma tana kwashe gas daga bakin toci, wanda ke aiki a bakin titi dole ya kare wajen da falanki ko kwano, fanka ma a kawar da kanta. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta da ruwa baya ɗaukewa, rodi na shan danshi, ka yanko faif na roba ka sa masa murfi gaba da baya ka dinga ajiye su a ciki. Maganar wuta kuma, injin amfiya 200 in zai yi aiki da ƙarfinsa yana son janareto daga 7.5kVA zuwa sama, ƙarami zai dinga shaƙewa kuma yana iya ƙona maka katin inbata.

In babu injin agon fa

MIG, wato waldar da inji ke turo wayar ciko da kansa, na da sauri sosai a dogon aiki mai kauri daga mili 3, kamar bodin mota ko tanki, shima agon zalla ne, lita 15 zuwa sama, da tura toci gaba. Matsalarsa wayar ce, laushi gareta tana cukurkuɗewa a cikin inji, sai an sa mata bututun teflon da tayoyi masu ramin U da waya mai mili 1.2, a miƙe igiyar tocin kar ta lanƙwashe, ko a sayi bindigar da ke ɗauke da ƙaramin naɗin waya a kanta.

Akwai ilektirod na alminiyam, E4043, da ake sawa a injin walda na yau da kullum, amma DC yake so, a sa shi a bangaren fulos, dan haka injin naɗi na gida da mafi yawan shaguna ke da shi bazai tafi da shi daidai ba. Yana ƙonewa da sauri ƙwarai, sai ka matse wutar kusa ka bi shi da gudu, kuma akan abu mai kauri kawai. Na fita kunya ne, ba na ado ba. Garin jikinsa na shan danshi cikin ɗan lokaci in aka bar kwalin a buɗe, kuma dattin da yake bari yana cin ƙarfen, sai an wanke da ruwan zafi da buroshi.

Masu waldar gas da kabaid kuwa sun daɗe suna gyaran lagireto da faif ɗin na'urar sanyaya ɗaki ko mota da hoda ta musamman da ke cinye fatar, kuma akwai gwanaye a cikinsu, hannu ne da ido. Wuta mai laushi ake sawa, ana taɓa wajen da bakin rodi har aji ya fara laushi. Sai waɗannan sandunan da ake talla a Facebook ana liƙe gwangwani da su, suna narkewa a wajen digiri 400, su liƙi ne ba walda ba dan ƙarfen ƙasa baya narkewa, suna toshe hujin kwandensa da ƙaramin faif lafiya lau amma kar a ɗora musu nauyi.

Tsaga, rim da tanki

In tsaga ce ka nemo ƙarshenta na gaskiya, yawanci ta wuce inda ido ke gani, ka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe dan ta daina tafiya, ka buɗe ta kamar harafin V har kusan ƙasa. Ka fara bin ramin da toci ba rodi dan datti ya taso, ka kankare, sannan ka cika, in da hali ka juya bayan ka kankare har ka tarar da waldarka ka sake bi. Kayan zubi in an gama a rufe su da busasshen yashi ko toka su huce a hankali, ba a zuba musu ruwa. Tof silinda kuma dole ya je wajen masu injin share fuska bayan walda dan sai ya ɗan motsa.

Ka sani kuma gefen walda a alminiyam baya komawa ƙarfinsa na da, 6061 na iya rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa a wajen da zafi ya taɓa, komai kyan hannunka. Wannan yasa nake roƙon 'yan uwa akan rim ɗin mota. Ƙaramar tsaga a leɓen ciki ana iya gyarawa, amma in ta kama ƙafafun rim ɗin ko wajen noti, wallahi a haƙura da kuɗin a faɗa wa mai motar gaskiya, mutum ne zai ɗebi iyalinsa ya gangara Hawan Kibo, gangaren nan mai haɗari na hanyar Jos zuwa Akwanga, da wannan tayar. Haka hannun sitiyari da ƙafar mota da cokalin mashin. Kuma ko wane irin rim ne sai an cire taya gaba ɗaya kafin wuta ta taɓa shi, sace iska kawai bai isa ba, zafi na sa robar ta fara cin kanta daga ciki ta fashe ko bayan an gama. Tankin dizil na manyan motoci shima sai an wanke shi sosai an buɗe duk murafensa an cika shi da agon ko ruwa har kusa da wajen aikin, tankin da babu mai sai tururi ya fi wanda ke cike da mai haɗari.

Hasken waldar alminiyam ya fi na baƙin ƙarfe ƙuna dan ƙarfen na maido shi, gilas lamba 11 ko 12, riga mai dogon hannu a rufe har wuya, baƙin tabarau na kasuwa baya kare komai, yaron da ke riƙe maka kaya shima a bashi nasa. Agon ya fi iska nauyi kuma bashi da wari, a cikin tanki ko ɗaki rufaffe yana kwanciya ya kore iskar shaƙa. Abinda ka gama waldawa ka rubuta masa zafi da alli, dan kamanninsa ɗaya da mai sanyi.

Mai koyo ya je wajen 'yan gwangwan ya sayi guntayen faranti mai mili 3 a kilo, ya fara jan layi akan fili ba haɗi har hannunsa ya daidaita, sannan ya haɗa biyu ya ɗaure a bais ya lanƙwasa da guduma, in ya karye a tsakiyar waldar ya duba cikin, huji na nufin datti ko gas, in kuma waldar ta ɓalle ta bar gefe sumul toh wuta bata shiga ba. Abin da zai riƙe mai ko ruwa kuma kafin ka miƙa wa mai shi, ka dama alli da ruwa ka shafa a bayan waldar ya bushe, ka zuba kananzir ta ciki ka bashi kamar minti 30, duk inda allin ya yi duhu akwai huji, ka kankare wajen ka wanke kananzir ɗin da asiton sosai ka sake bi.